Ranar da Na Canja Birkin Baya

Ku da kuke biye da ni, na ga saƙonninku. Wata ta rubuto cewa taurin kaina ne zai tsufar da ni a ɗakin Umma. Wani ya ce macen da hannunta ke warin man inji ba ta da bakin magana a zancen soyayya. Na karanta duka, ban goge ko ɗaya ba. Amma kafin ku ƙara yanke mini hukunci, ku saurari abin da ya faru ranar Asabar, sannan kowa ya faɗi abin da ke ransa.

Ga wanda yau ya fara haɗuwa da ni: koyar da tuƙi nake yi. Makarantar ta Baba ce, idan har mota ɗaya da allo ɗaya da benci a gindin bishiya sun isa a kira su makaranta. Tun da ciwo ya taɓa masa ɓarin jikinsa na dama, na ninke takardar digirina na sa a ƙasan akwati, na karɓi mukulli. Motar tsohuwa ce, fara, kuma birki biyu gare ta: ɗaya a ƙarƙashin ƙafar ɗalibi, ɗaya a gefen da malami ke zama. A wannan gefen na yi shekarun nan, ƙafata a shirye, idona a titi.

A nan kuma na san shi. Har yau a wayata sunansa Ɗalibin Asabar. Mai haɗa magunguna ne a wani asibiti, dogo, mai tabarau, irin mutumin da idan ya faɗa rami da mota sai ya ba ramin haƙuri. Ya koyi tuƙi a hannuna, ya karɓi lasisi, amma bai daina zuwa ranar Asabar ba. Da farko ya ce juyawa da baya ne bai gama kama masa ba. Daga baya ya daina neman dalili, ni ma na daina tambaya. Asabar ɗin nan da nake ba ku labari ita ce ranar da mahaifiyarsa za ta zo gidanmu karo na farko, ta gan ni, ta ga iyayena.

Ranar Juma'a da yamma, ina darasi da wata nas da za ta yi gwajin lasisi ranar Litinin, na ji ƙarar da duk mai mota ke tsoro: ƙarfe yana cin ƙarfe daga baya. Takalman birkin baya sun ƙare. Ban yi mamaki ba. Ɗalibai sukan manta su sauke birkin hannu gaba ɗaya, su ja mota a haka, birkin baya yana ta goguwa har ya siɗe. Ba zan sa baiwar Allah ta shiga gwaji da wannan motar ba, Lahadi kuma ina da ɗalibai tun safe. Asabar ce kawai a hannuna.

Da hantsi na shiga ɗaki na tarar Umma ta shimfiɗa mini kaya a kan gado kamar za a ɗauke su hoto: doguwar riga ruwan zuma mai aiki a wuya, mayafi mai shara-shara, takalmi mai tsini da ban taɓa sa shi ba, ɗan kunne, da kwalbar turaren da take ɓoyewa a bayan madubi. Falo kuwa tun asuba ake fama da shi. An canja labule, an fito da kofunan da ba a taɓawa, an ɗaga hoton Baba yana saurayi jingine da motarsa ta farko an goge ƙurar bayansa.

Na wuce kayan na ɗauki rigar aikina mai shuɗi, na ɗaure kaina da tsohon ɗankwali.

“Ina za ki da wannan tsumman?” in ji Umma.

“Birki zan canja, Umma. Kafin la'asar na gama.”

“Yau? Duk kwanakin Allah sai yau? Wallahi yarinyar nan ke ce ajalina.”

“Ba ni ba ce, hawan jini ne. Kin sha maganinki?”

Ta jefe ni da filo. Na fita ina dariya, domin a lokacin zuciyata wasai take.

Baba yana zaune a kujerarsa ta roba a inuwar katanga, sandarsa a tsakanin gwiwoyinsa. Ba ya iya riƙe sifana yanzu, amma idonsa bai tsufa ba. Na tokare tayoyin gaba da duwatsu, na sassauta kusoshin tayar dama ta baya, na ɗaga motar da jak, na zura ƙafar ƙarfe a ƙarƙashinta don kada in dogara da jak kaɗai. Na cire tayar na jingine ta. Ga faifan birki yana sheƙi, ga gidan birkin da ke rungume da shi, a cikinsa akwai fistan da ke matse takalman a jikin faifan. Na kwance kusoshinsa biyu, na zare shi a hankali, na rataye shi da waya don kada nauyinsa ya ja tiyon mai. Da na fito da tsofaffin takalman, sun yi siriri kamar ɓawon albasa.

“Nuna mini, Uwata,” in ji Baba. Haka yake kirana. Ya juya su a hannunsa na hagu ya girgiza kai. “Saura kaɗan su ci faifan. Buɗe murfin man birki kafin ki mayar da fistan. Kuma na baya juya shi ake yi, ba a danna shi kamar na gaba.”

“Na sani, Baba.”

“Na san kin sani. Bakina ne ke son aiki.”

Na gama gefen dama ba tare da wata wahala ba. Na shafa giris kaɗan a bayan sababbin takalman da kunnuwansu, ban bari ya taɓa fuskar da ke kama faifai ba, na mayar da komai mazauninsa. Ina cikin cire tayar hagu wayata ta yi ƙara a kan benci. Saƙon murya ne daga gare shi. Hannuna duk baƙin mai, don haka na danna da gwiwar yatsa, muryarsa ta fito a fili, Baba yana ji.

“Malama, barka da rana. Wata alfarma nake nema, don Allah kada ki ɗauke ta da zafi. Kin san Hajiya, mutanen da ne. Na ce mata a ofishin makarantar kike, kina rubuta sunayen ɗalibai kina amsa waya. Na kuma ce Babanki ne ya koya mini tuƙi. Yau kawai a bar shi a haka. Idan komai ya daidaita, ni zan warware mata a hankali. Ki sa rigar nan ruwan zuma, tana yi miki kyau.”

Ofis. Na dubi bencin da ƙafarsa ɗaya ke kan bulo. Na dubi hannuwana. Masu karatu, da wani ne can ya ji kunyar aikina, da ko a jikina. Amma wannan mutumin ya zauna kusa da ni wata da watanni yana gumi. Ƙafata ce ta tsayar da shi ranar da ya nufi mai kayan lambu gadan-gadan. Ya san abin da nake yi fiye da kowa, kuma da bakinsa ya ce ranar da ya fara sona ita ce ranar da na daka masa tsawa a shataletale. Ashe abin da ya so a cikin mota, kunyarsa yake ji a falon gidansu.

Na jira Baba ya yi magana. Ya dubi ƙasan sandarsa.

“Na hagun ya rage,” ya ce.

Zan gaya muku gaskiya, domin ba na son a ce na fake da ƙarfe. Fistan hagu ya yi tauri, haka ne. Na daɗe ina juya shi da filaya yana tafiya da ƙyar, ina kaffa-kaffa da robar da ke kewaye da shi kada ta yage. Amma da na so, da na lulluɓe motar da tamfol, na shiga na yi wanka, na ƙarasa aikin da asubar Lahadi. Ban so ba. Na yanke a raina cewa duk wanda zai gan ni yau, a haka zai gan ni. Kuma shi, da bakinsa, a gaban mahaifiyarsa, zai faɗi ko ni wace ce. Idan ya kasa, to na san matsayina tun kafin a yi nisa.

Umma ta leƙo ta taga ta kira. Ta sake leƙowa ta kira. A na ƙarshe ta fito tsakar gida da kanta, ta sha ado, tana riƙe da bakin zanenta kada ya taɓa mai.

“Malam, ba za ka yi mata magana ba? Mutanen nan suna hanya!”

“Ba a barin mota da birki gefe ɗaya sabo gefe ɗaya tsoho,” in ji Baba.

“Ni zancen mota nake yi maka? Zancen 'yarka nake yi!”

“Ni ma shi nake yi.”

Kafin ta ba shi amsa muka ji mota ta tsaya a ƙofar gida. Sun riga lokaci. Ina durƙushe a gindin taya, kafin in ga kowa, hancina ya riga idona: wani ƙauri mai kama maƙogwaro, irin na birkin da ya ƙone. Na miƙe na leƙa ta ƙofar da ke buɗe. Wata mota ce baƙa mai sheƙi, hayaƙi siriri yana tashi daga tayoyinta na baya. Shi kuma yana fitowa daga mazaunin direba cikin fararen kaya, yana gyara tabarau.

Duk abin da na tsara zan yi cikin natsuwa ya tashi a banza. Malamar da ke cikina ce ta riga ni.

“Kai! Da birkin hannu a sama ka taho tun daga gida? Sau nawa zan gaya maka? Madubi, giya, birkin hannu! Me na ce ka riƙa dubawa kafin ka motsa?”

“Jar fitilar birkin hannu,” ya ce, tun kafin ya san ya faɗa. Ya ma ƙame kamar yadda yake yi a darasi.

Sai a lokacin na ga matan biyu da suka fito daga baya. Babbar, Hajiya, doguwa ce kamarsa, cikin mayafi ruwan toka, fuskarta a natse, ba ta gaggawar komai. Ƙaramar, yayarsa, tana riƙe da jaka mai sarƙa, tana toshe hanci da gefen mayafi.

“Ikon Allah,” in ji yayar. “Makanikan yanzu har da mata, har da tsawa. Baiwar Allah, yi mana sallama da masu gidan.”

Na goge hannuna da tsumma, na rusuna har ƙasa. “Sannunku da zuwa, Mama. Sannu, Yaya. Ku gafarce ni, ba zan miƙa hannu ba.”

Hajiya ta dube ni tun daga ɗankwali har silifas. Sannan ta juya ga ɗanta. Ni ma shi na duba. Ban taimake shi da ko kalma ɗaya ba.

“Ita ce,” ya ce, muryarsa a ƙasa.

“Ka ce mini a ofis take,” in ji Hajiya.

“E, wato... tana taimakawa ne a wajen...”

Na ba shi lokaci. Allah ya sani na ba shi. Ya cire tabarau ya goge ya mayar, bai ƙarasa ba.

“Ba mu da ofis, Mama,” na ce. “Ga benci can. Ni nake koyarwa, ni nake gyara abin da zan iya. Ni na koya masa tuƙi, ko da yake yau ya kunyata ni.”

Yayar ta yi wata gajeriyar dariya. “Auta, ashe a nan ake murɗe maka kunne duk Asabar.”

Umma ta fito da fara'ar da ta fi kuka ciwo, tana ta marhabin, tana jan su zuwa falo. Hajiya ba ta motsa ba. Ta gaisa da Baba a mutunce, ta tambayi jikinsa, ta ce za ta ɗan sha iska tukuna. Aka kawo mata kujera. A gabanta na zura sababbin takalman hagu, na mayar da gidan birki, na ɗaure kusoshi, na rufe murfin mai.

Saura abu ɗaya. Bayan an mayar da fistan ciki, birki ba ya kamawa sai an tattaka shi ya cika. Wanda ya manta ya ja mota a haka, takun farko ƙafarsa za ta tafi har ƙasa. Ina kuma son in juya faifan da hannuna in ga ya tsaya lokacin da aka taka.

“Shiga ka taka mini birki,” na ce masa. “A hankali, har sai ya yi tauri.”

Ya dubi fararen kayansa. Ya dubi yayarsa, wadda ta ɗaga gira tana jira. Ya tsaya riƙe da ledar tsarabar da suka kawo kamar an dasa shi.

Sai na ji ƙarar sanda. Baba ne yake ƙoƙarin miƙewa, yana jan ƙafarsa ta dama, ya nufi motar.

“Dattijo zai tashi kana tsaye?” in ji Hajiya, ba tare da ta ɗaga murya ba.

Nan take ya ajiye ledar ya shiga. Ya taka, ya sake takawa, birkin ya cika, faifan ya tsaya cak a hannuna. Na ja birkin hannu na sauke, na sake ja, ya kama. Aiki ya yi kyau. Amma ku lura da abin da na lura da shi: ba don na roƙa ya shiga ba, don an umarce shi ne.

Na mayar da taya, na sauke motar, na ɗaure kusoshi, na zaga layinmu ni kaɗai na dawo. Su kuma suka shiga falo. Na wanke hannu da fuska na same su, amma ban canja riga ba. Ruwan zumar tana can kan gado. Aka sha lemo, aka yi hirar zafi da tsadar magani. Umma tana ta cika kofunan da ba su ragu ba.

Da suka tashi tafiya na taka birkin motarsu na ji ya yi laushi kamar soso. Man ya tafasa, tayoyin baya har lokacin ba a iya taɓa su.

“Mama, ba zan bari ku hau wannan ba sai an duba ta. Ni zan kai ku.”

“A motar 'yan koyo?” in ji yayar. “Da jan harafin nan a gaba da baya? A unguwarmu?”

“Birkinta sabo ne, Yaya. Na taku kuwa ƙaninki ya dafa shi.”

Hajiya ta miƙo mini mukullin baƙar motar, ta buɗe ƙofar bayan motata ta shiga. Dole suka bi ta, su uku a baya, kujerar gaba babu kowa. A hanya, inda titi ya yi sarari, na riƙa ƙara gudu kaɗan ina tsayawa a hankali, ina sake tashi.

“Wasa take yi da mu ne?” in ji yayar.

“Sababbin takalma sai sun saba da faifai,” na ce. “Idan aka fara da taka su da ƙarfi, ba za su zauna daidai ba.”

Shi kuwa ina ganinsa a madubi, a matse tsakanin uwarsa da yayarsa, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa.

A ƙofar gidansu Hajiya ta fita, ta zagayo ta tsaya a tagata. Kusa da kusa, idanunta irin nasa ne.

“Yarinya, kina da hankali, kuma hannunki na da albarka. Ba ma hana mace aiki a gidanmu. Gyara ma ban ƙi ba. Amma matar ɗana ba za ta wuni a mota ɗaya kafaɗa da kafaɗa da mazan da ba ta sani ba. Ki koyar da mata, ko ki sa wani ya karɓi mazan.”

Maganar ba ta rashin hankali ba ce, shi ya sa ta fi zafi. Na tuna mutumin da ya rasa aiki yake son lasisi don ya zama direba, da tsohon malamin da 'ya'yansa suka saya masa mota bayan ya yi ritaya. Na tuna Baba bai taɓa tambayar ɗalibi komai ba sai ko idonsa na gani.

“Mama, ki yafe mini,” na ce. “A wannan kujerar, kusa da namijin da ban sani ba, na haɗu da ɗanki. Ya san yadda nake zama a cikinta. Shi ya kamata ya ba ki amsa, ba ni ba.”

Ta juya ta nufi ƙofar gida, yayar na biye da ita tana tsaki. Shi kuwa ya buɗe ƙofar gaba, ya sa ƙafa ɗaya ciki, ya sunkuyo.

“Malama, ki ba ni lokaci. Da kin bi yadda na tsara...”

“Auta,” Hajiya ta kira daga bakin ƙofa. “Shigo.”

“Ga ta can, tana jinka,” na ce. “Ba sai gobe ba. Juya ka gaya mata abin da ka gani a wata da watannin da ka yi a nan. Idan ba za ka iya ba, cire ƙafarka. Ba na jan mota ƙofa a buɗe.”

Ya dube ni. Ya dubi ƙofar gidansu. Laɓɓansa suka motsa, na rantse muku na ga maganar ta zo har bakinsa. Sannan ya janye ƙafarsa, ya rufe ƙofar daga waje, a hankali, kamar mai tsoron kada ya ji mata ciwo.

Ban yi kuka ba sai da na wuce shataletale na biyu, kuma ko a nan ban kauce daga layina ba.

Na isa gida ana kiran magariba. Baƙar motar tana ƙofarmu ta huce. Umma ta rufe kanta a ɗaki. Baba ya tambaye ni abu ɗaya kawai, ko birkin ya ja gefe. Na ce bai ja ba, ya ce madalla. Ina cire ɗankwali saƙo ya shigo daga lambar da ban sani ba.

“Ni ce mahaifiyarsa. Gobe ni zan zo ɗaukar motata, ba shi ba. Akwai maganar da ban gama da ke ba.”

Na zauna a bakin gado, kusa da rigar da ban sa ba, na karanta shi har allon ya dushe. Sannan na rubuta mata:

“Allah ya kawo ki lafiya, Mama. Amma sai bayan azahar. Da safe ina da ɗalibi, kuma namiji ne.”